Bashin da Kano Ta Ci a Wurin Rafukanta

Duk inda dattawan Kano suka zauna hirar jiya, ba a daɗewa sai zance ya gangaro kan kamfanoni. Wani ya tuno jiniyar tashi daga aiki, wani ya tuno yadda kekuna ke cika titunan Bompai da sassafe har mai mota ya rasa ta inda zai bi, wani kuma ya shiga lissafa masaƙun da aka garƙame, yana naɗe yatsu har su ƙare bai gama ba. Kukan na gaskiya ne. Gidaje da yawa a Gama da Dakata da Sharaɗa da Panshekara da albashin kamfani aka gina su, da shi aka aurar da 'ya'ya, da shi wasu suka sauke farali. Sai dai a duk wannan lissafi na asara ba a sa rafi a ciki. Ana ƙirga injinan da suka yi tsatsa, ba a ƙirga ruwan da ya mutu, alhali ruwan ya riga injinan mutuwa, kuma su ne ajalinsa.

Baƙo zai ɗauka Kano fili ne guda miƙaƙƙe. Garin kuwa a kan ɗan tudu yake, ruwan saman da ya sauka a cikinsa gida biyu yake rabuwa: na arewa ya bi Jakara, na kudu ya bi kogin Challawa. Unguwannin masana'antun nan uku kowacce da inda take juye nata. Bompai, wadda ita ce babba a shekaru, tana zubawa a rafin Getsi, Getsi ya miƙa wa Jakara, Jakara ta ɗauka ta kai madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka kammala a 1976. Sharaɗa tana sakin nata a rafin Salanta, shi kuma ya gangara Challawa. Unguwar masana'antu ta Challawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, ita ba ta neman ɗan aike, don a gefen kogin take. Daga nan kogin Challawa ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, su zama kogin Haɗeja, su wuce Wudil, su ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, su nufi Yobe da tafkin Chadi. Abin da aka saki ta ƙarƙashin katangar wani kamfani a Sharaɗa da tsakar dare, tafiyarsa ba ta ƙarewa a jihar Kano.

Ba ina cewa kakanninmu sun riƙe ruwa riƙon ƙwai ba ne. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Barbushe Jakara kurmi ce mai duhu da ake jin tsoro, ake kai mata yanka, ake kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa. Da gari ya bunƙasa, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi a gefenta, kuma inda kasuwa ta zauna ƙazanta ba ta nisa. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar da Jakara kwantaccen ruwa mai dauɗa a tsakiyar gari, bai kuma ɓoye ƙyamarsa ba. To ƙazanta tsohuwa ce. Abin da ya sauya shi ne irinta.

Wanda yake son ya fahimci wannan ya leƙa Majema a cikin birni, inda har yau ake jima irin ta gado. Ana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a ɗora ta a kan icce a kankare da wuƙa, a tsoma ta a ruwan kashin tattabara ta yi laushi, sannan a jefa ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, majemi ya shiga yana tattakawa da ƙafa, a fitar a shafa mai, a shanya. Wari kam akwai shi, wanda bai saba ba sai ya riƙe numfashi. Amma duba kayan aikin ɗaya bayan ɗaya: toka, kashin tsuntsu, 'ya'yan bagaruwa, man gyaɗa. Babu wanda ƙasa ba ta san shi ba, babu wanda ba za ta cinye ba cikin damina ɗaya. Haka marina a karofin Ƙofar Mata: baba da toka. Ko katsin da ya kwanta a gindin karofi ba a zubar da shi, ana ƙona shi a yi laso a shafe soro don kada ya yi yoyo. Da irin wannan jima Kano ta yi sunan da ya ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa sayen jar fatar akuyarmu suna ce mata fatar Maroko, saboda ta can take biyowa.

Jimar kamfani wata duniya ce. A manyan ganguna masu juyawa ake yin ta, ana zare gashi da farar ƙasa da sinadari mai ɗauke da farar wuta, sannan a jeme da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam. Aikin da majemin birni zai kwashe makonni yana yi, ganga ta gama shi a kwana ɗaya ko biyu, fata ta fito da ɗan shuɗi-shuɗi da danshinta, a ƙarasa gyaranta, a ɗaure a loda sai Italiya ko Sifen ko Sin. Matsalar ita ce fata ba ta shanye duk kuromiyam ɗin da aka zuba mata; kusan kashi ɗaya cikin uku yakan biyo ruwan wanki ya fita. Aikin kuma mai cin ruwa ne, tan ɗaya na ɗanyar fata yana iya lashe lita dubu 30 ko fiye. Ƙarfe ba bagaruwa ba ne. Ba ya ruɓewa, rana ba ta ƙona shi, tafasawa ba ta kashe shi. Inda ya kwanta nan yake zama, a laka, a ƙasar lambu, a cikin kifi.

Ni a gefen Sharaɗa na tashi, lokacin da tsakanin unguwa da unguwa sai an ratsa gonaki. Kawuna a masaƙa yake aiki, kuma ranar da babu makaranta ni ake aika in kai masa abincin rana. Hanyar tana bin gefen wata magudana da ta fito daga bayan kamfanoni. Ruwanta ba ya kwana da launi ɗaya. Yau ja, gobe kore shar, jibi shuɗi, wata rana baƙi ƙirin da farar kumfa a kai, yana tururi ko da sanyin hunturu. Mu yara wasa muka mai da abin, tun daga nesa muke musun launin da za mu tarar. Idan muka iso daidai kamfanonin fata sai mu ja wuyan riga mu rufe hanci mu zura a guje, don warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke tashi, mai sa ido ƙwalla. Ciyawar bakin magudanar a ƙone take, babu kwaɗo, babu mazari. Manya suna wucewa a kan kekunansu ba mai waiwaye. In ka yi magana a ce maka ai ruwan kamfani ne, an amsa ke nan. A lokacin wannan wari warin arziki ne. Unguwar da ba ta da shi ita ce abar tausayi, don 'ya'yanta ba su da wurin aiki.

Abin da aka yi a Bompai tun kafin 'yancin kai, aka maimaita a Sharaɗa da Challawa daga shekarun 1970 da kuɗin fetur ya shigo, shi ne aka yanka filaye, aka ja titi da wuta da famfo, aka ce masu hali su zo su kafa. Ta inda ruwa zai shiga an tsara, ta inda zai fita aka bar wa gangare. Kamar mutum ne ya gina gida na gani na faɗa, da zaure da bene, bai haƙa masai ba, iyalinsa suka mai da ƙofar maƙwabci wurin zagayawa. Abin da ya fi ɗaure kai, kogin Challawan nan shi ne gari ke sha tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka kafa gidan ruwa a Panshekara. Daga baya aka ƙara na Tamburawa. A gefen wannan kogi aka zaɓa aka jera kamfanonin fata.

Maƙwabcin da aka mai da ƙofarsa wurin zagayawa kuwa talaka ne, kuma bai ƙi ba, don shi ma ya sami abin yi da ruwan. Duk wanda ya bi Getsi ko Jakara da rani, daga Kwakwaci har a fita gari, zai ga lambuna kore shar a gefen baƙin ruwa: latas, kabeji, alayyahu, karas, albasa, tumatir. Injin ban-ruwa na ƙara, tiyo a tsome cikin rafi. Na taɓa tsayawa a wani lambu a bakin Getsi, na tarar da wani dattijo ya naɗe wando yana gyara kwalbatin kwami, ƙafafunsa duk sun yi fari sun tsattsage. Bayan mun gaisa na ce, “Baba, da wannan ruwan ake ban-ruwa?” Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Ɗan nan, in kana da wani ka kawo mana.” Ya ce ruwan yana da taki a jikinsa, bai cika sayen buhun zamani ba, ya ce akwai ranakun da in ya ga launin ya sauya ko ya ji warin ya yi ƙarfi sai ya kashe inji ya jira, don ya san in ya ba shuka a ranar, gobe ganye zai ƙone. Ya ce ƙaiƙayin ƙafa kuwa ya zama ɗan gida.

Wannan dattijo ba jahili ba ne. Ya fi ni sanin rafin, da ido da hanci yake awon da masana ke yi da na'ura. Abin da idonsa ba ya gani shi ne wanda ba ya ƙona ganye, wanda shuka ke zuƙa a hankali ta ajiye. Kayansa kasuwar 'Yankaba suke zuwa, daga nan su bazu cikin gari, su shiga tukunyar mai kura da ta mai kamfani, su hau farantin salak a gidan biki a Nassarawa. Wanke latas da ruwan gishiri yana rage ƙwayoyin cuta, wannan gaskiya ne, amma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikin ganye. Haka kifin Wasai, haka nonon shanun da makiyaya ke shayarwa a gaɓar kogi, haka rijiyoyin da aka haƙa kusa da magudanun.

Ba a ce ba a bincika ba. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero da na wasu jami'o'i sun daɗe suna ɗibar ruwan Getsi da Jakara da Salanta da Challawa, da ƙasar lambunan da ganyensu, suna aunawa, kuma sau da yawa suna samun kuromiyam da dalma da kadmiyam sama da ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ta ruwan sha, dalma kuma 0.01. Dalma tana daƙile ƙwaƙwalwar yara, kadmiyam yana cin ƙoda, akwai kuma nau'in kuromiyam da ke jawo ciwon daji. Duk an rubuta, da Turanci, an ɗaure da kwali mai kyau, an jera a kanta, an ba ɗalibi digiri. Mai lambu bai taɓa ji ba. Mun ga a Zamfara a 2010 abin da dalma ke yi idan ta shiga ƙasa da ruwa, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda dakan dutsen zinariya. Can abin ya zo da gaggawa shi ya sa duniya ta ji. Na Kano a hankali yake ci, ba ya tara gawa a rana ɗaya, don haka ba ya shiga labarai.

Dokoki ma ba a rasa ba. A 1988 aka gano wasu 'yan kasuwar Italiya sun jibge dubban ganguna na shara mai guba a garin Koko, a jihar Bendel ta lokacin. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin Babangida ta tilasta aka kwashe, ta kafa doka mai hukuncin ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar. A 1991 aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowane kamfani ya tace ruwansa kafin ya saki, a 1992 aka ce ba za a kafa babban aiki ba sai an auna illarsa ga muhalli, a 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin waɗannan dokoki. Mun tashi tsaye a kan gubar da baƙo ya kawo mana a jirgin ruwa. Wadda muke haɗawa da hannunmu muna saki kullum, ita ba ta tayar mana da hankali ba.

A nan ya kamata a yi wa masu kamfanoni adalci, ko da kaɗan. Tace ruwan jima ba wasa ba ne: sai tafkunan da laka za ta kwanta, sai sinadarai, sai injinan da ke hura iska dare da rana, kuma duk wannan wuta yake ci. Wanda ke sayen gas yana kunna janareta don ya juya gangunansa, idan lissafi ya matse shi, injin tace ruwa shi ne na farko da zai kashe, don ba ya kawo ko kwabo. Wasu suna da wurin tacewar, ana share shi a kunna ranar da masu duba za su zo. Wasu suna tara ruwan su jira dare, ko su jira hadari ya haɗo su buɗe, ruwan sama ya rufa asiri. Jami'in da ya zo da niyyar rufe kamfani kuma sai a nuna masa ɗaruruwan ma'aikata a ce to ka sallame su da bakinka. A garin da aiki ya yi wuya wannan magana tana da nauyi, kuma da ita aka daɗe ana cin nasara.

Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wuta ta lalace, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kawuna yana cikin waɗanda aka sallama. Ya koma sayar da kayan miya har Allah ya karɓi abinsa. Magudanar da muke musu a kanta ta rage sauya launi. Wannan ne kaɗai sauƙin da rafukan suka taɓa samu, kuma ba kulawarmu ce ta kawo shi ba, talaucinmu ne. Kamfanonin fata da dama sun ci gaba, na roba da leda suka ƙaru. Shi ya sa duk lokacin da ɗan takara ya hau mumbari ya ce zai farfaɗo da masana'antun Kano, nakan yi fatan Allah ya ba shi iko, nakan kuma so wani ya ɗaga hannu ya tambaye shi inda ruwan zai bi.

Amma da za a rufe duk kamfanonin gobe, rafukan ba za su warke ba, don mu ma mun karɓi aikin. Gonakin da nake ratsawa yanzu gidaje ne, kuma kowane gida ya juyo da bututun bayan-gidansa cikin magudana. Ruwan mayankar Fagge Jakara yake bi. Mai kurar shara da ka biya ya kwashe maka, in ya waiga bai ga kowa ba, a kan gada yake juyewa. Ledar ruwa ta toshe kwalbatoci. Masu tifa suna haƙar yashi a kogin Challawa har gaɓa tana zaftarewa tana cin gonakin mutane, ramukan da suka bari kuma suna cin yara masu wanka. An sare itatuwan bakin rafi an yi girki. 'Yan jari-bola suna ɓalle murafen ƙarfe na magudanu da rodin gada su kai a auna musu a kilo. Kududdufan cikin birni, waɗanda daga cikinsu aka ɗebi ƙasar gina gidaje da badala, kuma su ne ke shanye ruwan damina, an cike su da shara an yanka fuloti an kafa shaguna. Sai watan Agusta ya zo ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa, ya tarar da falon wani a kai, a kira shi ambaliya, a ce ƙaddara ce. Ruwa ba ya tsami banza.

A wa'adin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe kwarin Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kai, wanda mutane ke kira Wuju-Wuju. Aikin ya yi shekaru a tsaye bayan nan. Ba zan zargi mutanen unguwannin da suka yi murna ba. Wanda ya tashi da sauro da wari da fargabar ɗansa ya faɗa kwari, in aka rufe masa dole ya gode. Amma rufewa ba tacewa ba ce. Ruwan yana nan yana gudu a ƙarƙashin taya, zai fito a gaba da duk abin da ya ɗauko, ya tarar da mai lambu da masunci suna jira. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu sun taɓa yin irin wannan, suka rufe rafin tsakiyar gari suka ɗora babban titi. Tsakanin 2003 da 2005 suka kashe maƙudan kuɗi suka rushe titin suka buɗe rafin. Ɗauke kamfanoni a kai su bayan gari ma ba magani ba ne shi kaɗai. A Dhaka ta Bangladash kotu ta tilasta wa majeman Hazaribagh tashi a 2017 bayan sun kashe kogin Buriganga, aka mai da su Savar, amma da wurin tace ruwan can bai yi aiki yadda ya kamata ba sai kogin Dhaleshwari ya gaji wahalar.

Idan na waiwaya, babban abin da ya ɓace shi ne mai rafi. A da bakin ruwa da burtali da makiyaya hurumi ne, dagaci da mai unguwa sun san iyakarsu, masunta suna da sarkinsu da ke faɗin lokacin da za a shiga ruwa da lokacin da za a bar shi ya huta. A zamanin En'e duba-gari yana shiga har tsakar gida ya buɗe randa, in ya ga tsutsa matar gida ta shiga uku. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare wa sarakuna wannan iko, dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Yanzu rafi ɗaya yana ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, da hukumar ruwa, da hukumar tsara birni ta KNUPDA, da ta kwashe shara ta REMASAB, da NESREA, da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Je ka kai ƙara ka gani: kowane ofis zai nuna maka ƙofar na gaba. Mai unguwar da yake kwana yana tashi da warin kuwa ba shi da ikon tsayar da ko kurar shara.

Har malamanmu, a ganina, ba su ba wannan babi haƙƙinsa ba. Tun muna makarantar allo aka koya mana ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkita da najasa ba ya tsarki, aka koya mana hani a kan yin bawali a kwantaccen ruwa da yin bayan-gida a mashaya da hanya da inuwa. Duk mun haddace, amma mun tsare hukuncin a bakin buta. Mutumin da ba zai yi alwala da ruwan da ƙadangare ya faɗa ba, shi ne zai sa hannu a saki lita dubbai na ruwan jima a mashayar ƙauye guda, ya wuce sahun gaba ranar Juma'a. Ban ga abin da zai hana a yi huɗuba a kan wannan a masallatan Sharaɗa da Bompai da Panshekara ba, inda masu kamfanonin da manajojinsu ke salla.

Gyaran bai fi ƙarfin Kano ba, kuma abin da ya jawo ɓarnar shi ne zai sauƙaƙa shi: kamfanonin a tattare suke wuri uku. Ba sai kowa ya gina nasa cikakken wurin tacewa ba. Kowane kamfani ya tsame kuromiyam da laka a cikin harabarsa, wanda abu ne da aka daɗe da sanin yadda ake yi, kuma kuromiyam ɗin da aka tsamo ana sake jima da shi, wato wani ɓangare na kuɗin ya dawo. Sauran ruwan ya bi bututu zuwa matata guda ta unguwar, mai wutarta ta kanta, kowa ya biya gwargwadon abin da ya zubo. Wuyar ba a ginin take ba, don mun iya gini da yanka kirtani. Wuyar a shekara ta biyu take, ranar da inji ya tsaya ana neman wanda zai sayi gas. Masu lambu kuma kada a fara da kora. Duk wanda ya ce a hana su ban-ruwa da Getsi bai haƙa musu rijiyar burtsatse ba, yunwa ya aika musu, kuma ba za su ji ba.

Akwai abin da bai kai wannan tsada ba, wanda za a iya farawa a wannan wata. Gwamnatin jiha ta ɗauki ɗakin gwaji na Jami'ar Bayero ta ba shi aikin auna ruwan Getsi da Salanta da Challawa da madatsar Wasai duk wata, a wuraren da aka sani, tare da mai unguwa da wakilin masu lambu da na masunta a tsaye ana ɗiba. Sakamakon kada ya tsaya a fayil. A karanta shi da Hausa a Rediyon Kano da Freedom da sauran tashoshi, yadda ake karanta farashin hatsi na Dawanau, a faɗi magudanar da ta wuce ƙa'ida da kamfanonin da ke kanta. Mai kamfani yana iya shirya wa jami'i ɗaya, amma ba ya son a ji sunansa a shayin safe a duk faɗin gari.

Ina kira ga gwamnati da majalisar dokokin jiha da masarauta su fara da wannan. Mutanen Wasai da Tamburawa da Wudil ba su ci albashin Bompai ko na Sharaɗa ba, su aka bar wa ruwan, kuma haƙƙinsu ne a faɗa musu abin da ke cikinsa.